Glenda Jackson: Shekara 23 a Majalisa, Sannan Ta Dawo Ta Zama Sarki

A watan Oktoban 2016, wata tsohuwa mai shekara 80 ta hau dandamalin gidan wasan Old Vic da ke Landan, ta fito a matsayin Sarki Lear, a wasan Shakespeare mai wannan suna. Rabonta da dandamali shekara 25 ke nan. Matasan da suka sayi tikiti a lokacin, da yawansu abin da suka sani game da ita bai wuce cewa 'yar majalisa ce mai kaifin harshe daga arewacin Landan ba. Iyayensu ne suka san ta da wani abu daban: Glenda Jackson, wadda ta ci kyautar Oscar har sau biyu tun kafin a haifi 'ya'yan.

Wannan sana'a ba ta jiran kowa. Ɗan wasa ya ɓace shekara uku, sai a ce an daina yayinsa. Idan mace ce, abin ya fi muni, domin ko tana nan ba ta je ko'ina ba, shekaru kaɗai sun isa su sa a daina kiranta. To, yaya aka yi wadda ta rufe ƙofa da hannunta, ta yi shekara 23 tana siyasa, ta dawo kuma cikin shekara huɗu ta haɗa kyautar Tony ta wasan dandamali a Amurka, da BAFTA ta fim da talabijin a Birtaniya, da Emmy ta ƙasa da ƙasa ta talabijin? Amsar da aka fi bayarwa ita ce baiwa ba ta tsufa. Gaskiya ne, amma amsar ta yi arha. Akwai masu baiwa da yawa da suka tafi, suka nemi dawowa, ƙofar ta ƙi buɗuwa.

Sai an fara sanin ko wace ce ta tafi.

An haife ta ranar 9 ga Mayun 1936 a Birkenhead, kusa da Liverpool. Mahaifinta magini ne mai jera bulo, gidan kuma na masu neman na yau ne. Da ta bar makaranta ta yi wajen shekara biyu tana tsaron kanta a kantin magani na Boots, kafin ta samu tallafin karatu a RADA, babbar makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Landan, a 1954. Bayan ta gama ta sha zaman jiran tsammani. Ba ta da irin fuskar da masu shirya fim na lokacin ke nema, kuma ba ta iya kwantar da murya ba. Wanda ya ga amfanin wannan taurin shi ne darakta Peter Brook, wanda ya sa ta a wasan Marat/Sade na kamfanin Royal Shakespeare a 1964, inda ta fito a matsayin Charlotte Corday. Daga nan Ken Russell ya ɗauke ta a fim ɗin Women in Love na 1969, wanda ya kawo mata Oscar ta farko. A 1971 ta zama Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a shirin BBC mai suna Elizabeth R, har ta yarda aka aske mata gaban goshi don ta yi kama da hotunan sarauniyar. Shirin ya ba ta Emmy biyu. A shekarar dai ta leƙa shirin barkwanci na Morecambe da Wise ta yi shigar Cleopatra, wani darakta Ba'amurke, Melvin Frank, ya gan ta ya gane ashe ta iya ban dariya, ya ba ta A Touch of Class na 1973. Oscar ta biyu ke nan. Duka biyun ba ta je bikin karɓa ba, gumakan zinaren kuma mahaifiyarta ta ba.

Wannan halin ko-oho da kyaututtuka ya kamata a riƙe shi, domin shi ya sauƙaƙa mata tafiya. Wanda ya ɗauki tauraro a matsayin sunan yanka ba ya iya ajiye shi. Ita aiki ta ɗauke shi, aiki kuwa ana canzawa.

Dalilin da ta bayar na shiga siyasa bai taɓa sauyawa ba: ta tsani abin da gwamnatin Margaret Thatcher ta yi wa ƙasar, tana kuma son ta sa hannu a kawar da jam'iyyar Conservative daga mulki. 'Yar jam'iyyar Labour ce tun ƙuruciya. A zaɓen Afrilun 1992 ta tsaya a mazaɓar Hampstead da Highgate, ta kayar da Oliver Letwin, ta ƙwace kujerar daga hannun Conservative, duk da cewa jam'iyyarta ta faɗi a ƙasa baki ɗaya, John Major ya ci gaba da mulki. Ba ni da dalilin shakkar abin da ta faɗa. Sai dai akwai lissafi na biyu da ke tafiya a ƙarƙashin na farko, ko ta yi shi da gangan ko kuwa sa'a ce ta yi mata shi.

Tana da shekara 55 lokacin da ta shiga majalisa. Ta fita tana dab da cika 79. Duk wanda ya san yadda ake rabon rol a fim da dandamali ya san waɗannan su ne shekarun fari ga mace. Ta wuce a ba ta masoyiya, ba ta kai a ba ta tsohuwar da labari ke kewayawa a kanta ba. Abin da ya rage shi ne uwar jarumi, ko surukar jarumi, ko alƙaliyar da za ta fito minti huɗu ta yanke hukunci ta ɓace. Manyan 'yan wasa mata da yawa sun ƙarar da kwarjininsu a irin waɗannan ƙananan fitowa, har ido ya saba da ganinsu a gefe. Jackson ba ta yi wannan zaman gefen ba. Hoton ƙarshe da jama'a suka ajiye nata na mace ce da ke tsakiyar fage, kuma da shi suka zo kallonta a 2016. Rashin ganinta ya adana ta.

A wasannin Shakespeare ma abin a fili yake. Namiji yana da tsani mai matakala har sama: ya fara da Romeo, ya hau Hamlet, ya kai Macbeth, idan furfura ta fito Lear da Prospero na jiransa. Mace za ta fara da Juliet, ta yi Rosalind, ta yi matar Macbeth, ta kai Cleopatra, daga nan tsanin ya ƙare. Akwai tsofaffin mata kamar Volumnia da mai renon Juliet, amma babu wadda wasa ya rataya a wuyanta. Wannan giɓin shi ya sa daga baya ta tsallaka ta hau tsanin maza.

A majalisa ba ta yi tashe irin na fim ba, kuma bai kamata a ƙara gishiri a nan ba. Da Tony Blair ya ci zaɓe a 1997 ya ba ta ƙaramar ministar sufuri, ta riƙe har 1999. Ta nemi tikitin Labour na takarar magajin garin Landan na zaɓen 2000, ba ta samu ba. Daga nan ta koma kujerun baya, ta zama ɗaya daga masu caccakar Blair a cikin gida, musamman kan yaƙin Iraƙi. A 2010, bayan an sake shata mazaɓar ta koma Hampstead da Kilburn, ta sha da ƙyar: ƙuri'a 42 kacal ta raba ta da ɗan takarar Conservative, Chris Philp. Abin da aka shaide ta da shi shi ne ta ƙi cin albarkacin sunanta. Ba ta shiga zauren a matsayin tauraruwa ba, ba ta kuma riƙa satar jiki tana zuwa ɗaukar fim lokacin hutu ba. Ta yanke ne gaba ɗaya.

Rana ɗaya ce kurum tsohuwar Glenda ta leƙo. Thatcher ta rasu ranar 8 ga Afrilun 2013, aka kira zaman majalisa na musamman bayan kwana biyu don a yi ta'aziyya da yabo. Da aka zo kanta, sai ta miƙe ta yi wa aƙidar marigayiyar wankin babban bargo. Ta ambaci makarantun da suka lalace da masu kwana a bakin shaguna, ta ce an mayar da haɗama da son kai abin yabo. 'Yan Conservative suka yi ta ihu, ita ko gezau. Da wani ya kai ƙara, shugaban majalisar, John Bercow, ya ce babu abin da ta faɗa da ya saɓa wa ƙa'ida. Mutum na iya ganin bai dace a yi haka a zaman makoki ba, kuma da yawa sun ga hakan. Amma duk daraktan da ya kalli bidiyon, wanda ya zagaya intanet, ya ga abin da ya shafe shi: muryar na nan, numfashin na nan, iya riƙe ɗaki mai adawa da kai na nan. Tana da shekara 76 a ranar.

Nan ne nake ganin ake kuskuren cewa ta yi shekara 23 ba ta aiki. Makamin ɗan wasan dandamali murya ne da ƙwaƙwalwa da jure idon jama'a. Zauren majalisar Birtaniya wuri ne da ake magana a tsaye, ana yi maka sowa da ba'a, dole ka ɗaga murya ta kai ƙarshen ɗaki ba tare da ka rasa zaren maganarka ba. Ga kuma zaman sauraron koke da 'yan majalisar ƙasar kan yi a mazaɓunsu, inda mutum zai shigo da matsalar haya, ko ta tsohuwar da aka rasa mai kula da ita, ko ta takardun zama. Shekara ashirin da ɗoriya tana kallon fuskokin mutanen da ƙarfinsu ya ƙare. Duba rol ɗin da ta yi bayan dawowarta: kusan dukkansu na mutanen da ƙarfinsu ke ƙarewa ne.

Dawowar ba da tsalle ta fara ba. Bayan ta sauka a 2015, aikinta na farko a rediyo ne, wani dogon shiri na tashar BBC Radio 4 da aka gina kan littattafan marubucin Faransa Émile Zola. Dabara ce mai kyau: a rediyo takarda na hannunka, babu hadda, babu mai ganin ko gwiwa na rawa. Sai kuma ta je Barcelona ta kalli tsohuwar ƙawarta, 'yar wasan Sifen Núria Espert, tana yin Sarki Lear. Sun san juna tun 1986, lokacin da Espert ta ba ta umarni a wani wasan marubucin Sifen Lorca a Landan. Espert ce ta ce mata me zai hana ita ma ta yi. Jackson ta ɗauka a Ingila ba za a bari ba. Aka bari.

Ga wanda bai san wasan ba: tsohon sarki ne ya yanke shawarar raba ƙasarsa tsakanin 'ya'yansa mata uku, gwargwadon yadda kowace ta iya furta son da take masa. Manyan biyun suka zuba daɗin baki. Autar, Cordelia, wadda ita ce mai sonsa da gaske, ta ƙi yin fadanci, ya kore ta. Da mulki ya bar hannunsa, waɗanda ya ba suka rage masa mayaƙan da ke rakiyarsa, suka rufe masa ƙofa, ya ƙare a daji cikin hadari da tsawa, hankalinsa ya gushe. A ƙarshe ya shigo da gawar autar. 'Yan wasa na kwatanta rol ɗin da dutsen da ba kowa ke kai ƙololuwarsa ba, kuma akwai wata tsohuwar matsala a cikinsa: lokacin da ka tsufa har ka fahimci Lear, ƙarfin yin sa ya tafi. Shi ya sa akan ba masu shekara sittin da wani abu, a ƙara musu gemu da furfura. Lear da bakinsa ya ce ya haura tamanin. Jackson tamanin ɗin gare ta cif, wasan kuma ya haura awa uku.

Ba ita ce mace ta farko ba. Kathryn Hunter ta yi Lear a Ingila tun 1997, Sarah Bernhardt kuma ta yi Hamlet a 1899. A zamanin Shakespeare kansa, samari ne ke fitowa a matsayin mata, domin sai a 1660 aka fara barin mata su hau dandamali a Ingila. Saboda haka tsallaka wannan iyaka tsohon abu ne a gidan. Abin lura shi ne yadda ta yi. Ita da darakta Deborah Warner ba su mayar da sarki sarauniya ba, ba su kuma manna mata gemu ko suka sa ta kwaikwayi tafiyar maza ba. Ana ce mata sarki, ana ce mata uba, ita kuma tana tsaye da siririn jikinta da gajeren gashinta. Hujjarta, wadda ta sha faɗa a hirarraki, ita ce idan tsufa ya yi nisa, katangar da ke tsakanin namiji da mace takan fara zaizayewa. Duk wanda ya yi jinyar kaka ko kakan da ya kai wannan matakin zai gane abin da take nufi. Muryar tsohuwa kan yi kauri, ta tsoho kan sirance, taurin kai da tsoron a mayar da kai yaro kuwa iri ɗaya ne.

Masu sharhi sun rabu kan tsarin wasan, wasu na ganin an cika shi da tarkacen zamani. A kanta ita kuwa kusan baki ya zo ɗaya, ta kuma ci kyautar jaridar Evening Standard ta gwarzuwar 'yar wasa. Wannan Lear ɗin shi ne ya buɗe duk abin da ya biyo baya. Da ta dawo da ɗan ƙaramin rol na kaka a wani shirin talabijin, da an tafa mata tafin girmamawa an wuce. Da ta zaɓi abu mafi wuya a sana'ar, sai tambaya ta tashi daga ko za ta iya zuwa me za a ba ta na gaba.

Na gaban ya zo daga New York. A 2018 ta fito a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa na birnin, cikin Three Tall Women na Edward Albee, tare da Laurie Metcalf da Alison Pill. Rol ɗinta wata attajira ce mai shekara 92, mai baƙar magana da wariya, wadda jiki da tunani ke kuɓuce mata, kuma Albee ya zana ta ne daga matar da ta riƙe shi. A kashi na biyu sai a gane matan ukun mace ɗaya ce a shekara 26 da 52 da 92. Sau huɗu aka taɓa sa sunan Jackson a takarar Tony, tun daga 1966 har 1988, ba ta ci ba. Sai a wannan karon, tana da shekara 82. Da haka ta shiga ɗan ƙaramin rukunin waɗanda suka haɗa Oscar da Emmy da Tony a fagen wasa.

Ba duk abin da ta taɓa ne ya yi albarka ba. A 2019 ta sake yin Lear a Broadway, sabon tsari ƙarƙashin darakta Sam Gold. An yaba mata, an soki tsarin, tikiti bai tafi yadda aka so ba, aka rufe wasan a watan Yuni, makonni kafin ranar da aka tsara. Broadway kasuwa ce mai wasa takwas a mako da kuɗin haya mai nauyi, kuma sunan mutum ɗaya, komai girmansa, ba ya cika kujeru idan maganar da ke yawo a gari ba ta da daɗi.

A ganina aikinta mafi taɓa zuciya a wannan zangon shi ne wanda ya zo a ƙarshen shekarar: Elizabeth Is Missing na BBC, fitowarta ta farko a allo cikin shekara 27. Ta zama Maud, tsohuwar da gigin tsufa ya kama, tana cike aljihu da 'yan takardun tunatarwa, ta dage cewa ƙawarta ta ɓace, babu mai sauraronta, neman kuma yana cakuɗe mata da ɓatan yayarta shekara saba'in da suka wuce. Jarabar irin wannan rol ita ce a mayar da mai ciwon abin tausayi zalla, mai sanyi, don 'yan kallo su zubar da hawaye cikin sauƙi. Jackson ta ƙi. Maud ɗinta na da fushi, tana gajiyar da 'yarta, wani lokaci ma ba ta da daɗin zama. Masu jinyar irin waɗannan marasa lafiya sun san haka abin yake. A 2020 ta ci BAFTA da Emmy ta ƙasa da ƙasa da shi.

Idan aka jera ta da takwarorinta, bambancin na ƙara fitowa. Jane Fonda ta yi shekara 15 ba ta fim, ta dawo a 2005 da fim ɗin barkwanci. Cicely Tyson ta koma Broadway a 2013 bayan shekara 30, ta ci Tony tana da shekara 88, Angela Lansbury kuma ta ci Olivier, kyautar wasan dandamali ta Landan, a 2015 tana da 89. Amma su biyun nan ba su bar sana'ar ba. Wadda ta fi kama da ita ita ce Melina Mercouri ta Girka, wadda ta bar fim ta shiga majalisa, ta zama ministar al'adu a 1981. Ita ba ta dawo fim ba.

Akwai masu kafa hujja da labarin Jackson su ce ai zamani ya canza, an buɗe wa tsofaffin mata fage. Ita da kanta ta ƙi wannan fassarar. Ta sha cewa abin da ya ba ta mamaki da ta dawo shi ne yadda har yanzu marubuta ba sa ganin mace ta isa ta zama injin da ke jan labari. Nata tarihin ma shaida ne: don ta samu rol daidai girmanta, sai da ta ari na namiji, wanda aka rubuta shekara 400 da suka wuce, sannan wani da aka rubuta a farkon shekarun 1990. Kuma ta zo da Oscar biyu a jaka. Tsohuwar 'yar wasan da ba ta da wannan jarin, wa zai ba ta Old Vic ta gwada?

Fim ɗinta na ƙarshe, The Great Escaper, ya sake haɗa ta da Michael Caine, wanda suka yi miji da mata tare a wani fim tun 1975. Labarin gaskiya ne na Bernard Jordan, tsohon sojan ruwa da ya sulale daga gidan kula da tsofaffi a Hove a 2014 ya tafi Normandy bikin cika shekara 70 da saukar sojojin ƙawance a Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu. Caine ne ya yi tafiyar. Jackson ta fito a matsayin matarsa, Rene, wadda ta zauna a ɗaki tana rufa masa asiri, tana ɓoye nata ciwon. Ta rasu a gidanta da ke Blackheath ranar 15 ga Yunin 2023, tana da shekara 87, bayan gajeriyar jinya. Fim ɗin ya fito a watan Oktoba, a watan ne kuma Caine, mai shekara 90, ya sanar cewa shi ma ya ajiye.